Nomau da Akwatin Sabis

A ƙauyen Kwarin Gauraka an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Yana salla a kan lokaci, yana noma kamar kowa, ƙarfi kuwa Allah ya ba shi har ya so ya yi yawa. Abu ɗaya ne dai: magana in ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka za ta zauna, ba ya rage mata, ba ya ƙara mata. Su uku ne a gidan, shi da mahaifiyarsa Inna Tabawa da matarsa Yalwa, sai baƙin jakinsa Duna, wanda masu tsokana ke cewa shi ne mai ba maigidan shawara. Yalwa ta taɓa shanya gero a tsakar gida, ta ce masa, "Malam, kada ka bar kaji su ci." Da ta dawo daga unguwa sai ta tarar awaki sun kusa share tabarmar, shi kuwa yana zaune da sanda ya ƙura wa kaji ido. Kuma gaskiya ko kaza ɗaya ba ta taɓa geron ba. Tun daga ranar Yalwa ta koyi auna magana kafin ta sake ta, sai dai ɗan Adam ba ya rabuwa da mantuwa.

Ita Yalwa tana da abu guda da take ji da shi a duniya, wato irin jar albasa da ta gada daga mahaifinta. Albasa ce mai ƙwari, ba ta ruɓa da wuri, duk yankin babu mai irinta. Marigayin bai bar mata gona ba, bai bar mata saniya ba, wannan irin kawai ya ƙulle a tsumma ya damƙa mata. Bana ta zuba shi gaba ɗaya, ta yi dashe a lambunta na bakin fadama, saboda ƙungiyar manoman rani ta yi alkawarin ruwa daga dam. In dashen nan ya mutu, irin babanta ya ƙare ke nan har abada.

To, ruwan dam kuma bana da sharaɗi ya zo. Bara an sha rigima, wannan ƙauye ya ce wancan ya shanye masa rabonsa, har aka fasa kawuna. Don haka ƙungiya ta kafa ƙarfen sabis nata na kanta a kan Dutsen Mikiya, ba na kiran waya ba, ba na hira ba, na aikin ruwa kaɗai. Kowane ƙauye za a ba shi wata na'ura da ake kira modem, wadda mutanen gari suka raɗa wa suna akwatin sabis, ita za ta riƙa magana da ofishin dam. Sai sunan ƙauye ya fito a kwamfutar ofis za a saki ruwa a magudanarsa, in kuma sunan ya ɓace a rufe. Kafin a haɗa nasu, da tulu Yalwa ke ban ruwa daga tsohuwar rijiyar gari, rijiyar kuwa kullum ƙasa take yi.

Wata rana sai ga Injiniya Munzali a kan babur, da akwatin ɗaure a baya. Mutum ne mai kirki amma mai sauri, ƙauyuka da yawa ne a wuyansa, yana magana ƙafarsa ɗaya na kan babur. Ya tarar da Sarkin Noma Makau da jama'a a gindin durumi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a wasu ƙauyukan na sha wahala. Wani ya cire layin ya sa a wayarsa, wani ya mai da batirin wurin cajin gari. Mutum nake so wanda abin da na ce kawai zai yi, ba ƙari ba ragi." Jama'a suka dubi juna, sai dariya ta ɓarke, hannuwa duk suka nuna wuri ɗaya. Sarkin Noma ya share hawayen dariya ya ce, "Injiniya, kai ka roƙa, Allah kuma ya amsa." Nomau ya miƙe yana gyara hula. Tunda yake ba a taɓa zaɓensa a gaban jama'a ba, sai ya ji ƙirjinsa ya cika. Ya kuma san ruwan albasar Yalwa a cikin akwatin nan yake. Injiniya ya miƙa masa, ya ce, "Malam Nomau, ɗakin da za a sa shi bai bushe ba. Ka ajiye shi a wurin da ya fi ko'ina sanyi. Rana kada ta taɓa shi, ruwa kada ya taɓa shi." Ya buga babur ya yi gaba.

Da gari ya waye mata suka fito ɗiban ruwa, suka tarar da Nomau zaune a bakin rijiya da igiya a hannu. Ya sa akwatin a bokiti, ya zura shi har tsakiyar rijiyar, bai kai ruwa ba, bai kuma ga rana ba.

"Nomau, matsa mu ja ruwa."

"Ba a ja yau."

"Saboda me?"

"Guga yana ɗiga. Injiniya ya ce ruwa kada ya taɓa shi."

Mata suka yi ca, wata ta ce tuwonta na kan wuta, wata ta ce ɗanta ko fuska bai wanke ba. Yalwa ta iso da tulunta, ta ce, "Malam, ni ce fa. Albasa na jira." Ya dube ta kamar zai yi kuka, ya ce, "Yalwa, don albasar nake yi." Sai da rana ta take sannan Inna Tabawa ta zo tana dogara sanda, ta ce, "Kai ɗan nan, Injiniya ya ambaci rijiya?" Ya juya maganar a kansa, ya ce, "Bai ambata ba, Inna." Ta ce, "To ƙarƙashin gadona ya fi nan sanyi, ni na kwana a kai na sani. Jawo shi." Ya jawo. Ranar ba a yi wa albasa ban ruwa ba sai da yamma, ganyen har ya fara sunkuyar da kai.

Wata rana Injiniya ya dawo da layin da za a sa wa akwatin, ɗan ƙaramin abu bai kai farcen yatsa ba. Ya tarar allon sola bai iso ba, saboda haka babu abin da za a kunna. Ya ce, "Malam Nomau, wannan ba irin layin kasuwa ba ne, da ƙarfen ƙungiya kaɗai yake magana, kuma kowane ƙauye da nasa. In na tafi da shi zai cakuɗe da na wasu. Ka ɓoye shi inda babu hannun da zai kai gare shi." Nomau ya karɓa da hannu biyu. Ya duba aljihu, hannu na kaiwa. Ya duba saman katanga, dogo na kaiwa. Ya duba ƙarƙashin filo, nan ma Yalwa na kaiwa. Can sai idonsa ya faɗa kan rumbun ƙasa na Inna, wanda ke cike maƙil da tsabar gero. Ya hau, ya buɗe, ya jefa layin, ya ɗauko gora mai tsawo ya juya geron sosai don abin ya nutse. Ya zura hannu har kafaɗa ya laluba, bai ji komai ba sai gero. Ya sauko yana murmushi, aiki ya yi kyau.

Da sola ta iso Injiniya ya ce a kawo layi, Nomau ya kai shi gindin rumbu ya nuna masa da alfahari. Injiniya ya cire hula ya riƙe kai. Ranar duk matan unguwa sai da suka fito da faifai da tabarmi, aka kwashe geron nan kaf, ana bajewa ana tonawa, Inna Tabawa na zaune a gefe tana faɗa wa duk wadda ta zubar mata da ƙwaya. Ana cikin haka wata jar kaza ta kutso, ta tsinci wani abu mai ƙyalli ta zuba da gudu. Injiniya ya yi ihu, "Shi ne! Ku tare ta!" Ya bi ta da takalminsa mai sheƙi, ta ƙarƙashin turmi, ta bayan akurki, har cikin garken awaki. Nomau kuwa dama tsakaninsa da kaji akwai tsohuwar gaba, tsalle ɗaya ya yi ya danne ta, ta tofar da layin. Injiniya ya goge shi a riga, ya hura, ya zura shi a ɗan ramin da ke gefen akwatin har ya ji ƙas. Yana haki ya ce, "Malam Nomau, daga yau kome na faɗa maka, zan yi tunani tukuna." Bai yi ba.

Wata rana aka kai akwatin sabon ɗakinsa a bakin magudana, aka haɗa shi da batir ɗan ƙarami irin na babur. Injiniya ya jona shi da kwamfutarsa da igiyar waya, ya shiga danne-danne. Ya sa masa sunan hanyar ƙungiya, don kada ya riƙa neman ƙarfen kamfanonin waya, sannan ya kulle shi da lambar sirri. Ya ce, "In na rubuta ta a bango samari za su gani. Malam Nomau, an ce ba ka mantuwa. Saurara." Ya raɗa masa wasu haruffa da lambobi a kunne, suka shiga suka zauna daram. "Kada ka faɗa wa kowane mutum, ko waye shi, ko Sarkin Noma ne." Nomau ya dafa ƙirji.

Ba a daɗe ba ofis suka ce a ƙara wani saiti a cikin akwatin, Injiniya ya dawo, ya buɗe kwamfuta, ya danna wannan lamba ta ƙi, ya danna waccan ta ƙi. Lambobin ƙauyuka sun cakuɗe masa a kai.

"Malam Nomau, tuna mini lambar nan."

"Ba zan iya ba, yallaɓai."

"Ka manta?"

"Tana nan lafiya lau."

"To faɗa mini mana, ai ni na ba ka!"

"Ka ce kowane mutum, ko waye shi. Kai ba mutum ba ne, yallaɓai?"

Injiniya ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya haɗa shi da Allah, Nomau na tsaye yana kallon ƙasa. Abin ba na wasa ba ne, don in aka goge akwatin aka sake shi daga farko, sai an mai da shi birni an sake yi masa rajista, albasa kuwa ba za ta jira wannan ba. Yalwa ta ja Injiniya gefe, ta ce, "Malam Injiniya, kar ka wahalar da kanka. Kullum in zai ba Duna dusa sai ya karanta masa lambar nan a kunne don kada ta gudu daga kansa, wai jaki ba mutum ba ne. Ga danga nan." Haka aka yi. Babban injiniya, mai takardun birni, ya tsuguna a bayan dangar kara kusa da turken jaki, ƙudaje na bin fuskarsa, yana kasa kunne. Nomau ya zo da ƙwaryar dusa, ya kama kunnen Duna ya karanto masa ita tiryan-tiryan. Da akwatin ya buɗe, Nomau ya jinjina kai ya ce, "Ka gani, yallaɓai? Da ka nutsu ai ka tuna da kanka."

Wata rana aka zo kan eriya. Injiniya ya ɗaura ta a kan wani guntun ƙarfe a jikin ɗakin, tsayinta daidai kafaɗar mutum, ya juya fuskarta wajen Dutsen Mikiya, can nesa. Ya nuna wa Nomau 'yar fitilar da ke gaban akwatin, ya ce, "Ja, babu sabis. Ruwan ɗorawa, yana nema. Koriya, ya kama, ruwa ya taho." Fitila ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa, ta tsaya a nan tana ƙyaftawa. Ya ce, "Mu ba shi lokaci. Kai dai ka lura, kada komai ya shiga tsakanin eriyar nan da dutsen can."

Kashegari kasuwa ce, hanyar kasuwa kuwa ta gaban ɗakin ta bi. Nomau ya ja layi a ƙasa da sanda, ya tsaya. Duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Sunkuya." Mai tallan manja ya sunkuya, masu fura suka sauke ƙwarya suka wuce da rarrafe suna zaginsa suna dariya, wani mai raƙumi ya yi ta gardama har ya gaji ya zaga ta bayan gari. Tsuntsu in ya gifta sai ya bi shi da hoge. Can sai ga Sarkin Noma Makau da babbar rigarsa ta zuwa kasuwa, ga tumbi masha Allah.

"Ranka ya daɗe, a sunkuya."

"Ni, Nomau?"

"Injiniya ya ce komai, ranka ya daɗe."

Sarkin Noma ya dubi jama'a, jama'a suka dubi sama. Shi ya zaɓi mutumin nan da bakinsa, ba dama ya karya doka a gabansu. Ya tattare riga ya duƙa, hula ta faɗi, gwiwa ta yi ƙara, sai da mutum biyu suka ɗaga shi a ɗaya gefen. Duk da wannan wahala da aka sha, fitila tana nan ruwan ɗorawa.

Daga nan dariya ta fara raguwa a gari. Rijiya ta koma sai an jira ta taru, abin da guga ke fitowa da shi rabi laka ne, kuma mutane ma na bukatar na sha. Dashen Yalwa ya kwanta, bakin ganyen ya fara ƙonewa. Ta daina tsokanar mijinta, ta daina waƙa in tana daka. Nomau na ganin haka, abin na cin ransa ƙwarai. Shi a saninsa bai saɓa ko kalma ɗaya ba, to me ya hana ruwa zuwa?

Wata rana, wadda ita ce ta ƙarshe a wannan labari, Injiniya ya zo tun da hantsi ya duba komai. Layi lafiya, saiti lafiya, batir cike. Ya yi tsaki ya ce, "Sabis ɗin ne ba ya isowa sosai. Sai na je birni na nemo babbar eriya, kuma ban san ranar da za a samu ba." Yalwa na tsaye ta ji, ta juya ta nufi lambu. Injiniya ya ji kunya, ya ce, "Na dai roƙi ofis, da zarar sun ga sunanku su saki ruwa, kada su jira ni." Ya hau babur, sannan ya waiwayo. "Malam Nomau, kada ka ɗauke ido daga akwatin nan. In Allah ya sa fitilar ta koma koriya, kada ka motsa shi ko kaɗan, ka bar shi daidai inda yake har in zo."

Bayan azahar Yalwa ta leƙo ɗakin, idonta ya yi ja. Ta ce, "Malam, rana za ta ƙarasa mini su yau. Tashi ka hau maɗacin bakin lambu ka saro mini ganye in rufe su, ko sa kai gobe. Yanzu-yanzu." Ta tafi. Nomau ya shiga tsaka mai wuya. Injiniya ya ce kada ya ɗauke ido daga akwati, Yalwa ta ce ya hau maɗaci yanzu-yanzu, kuma bai ga wadda zai yar a cikin maganganun biyu ba. Ya dubi fitila, ba koriya ba ce, ashe ba a hana motsa shi ba tukuna. Sai ya kwance akwatin daga bango, ya kwance eriya, ya saka batir a jakar fata ya rataya, ya ɗauko majanyin goyo a kan igiyar shanya ya ɗaure akwatin a ƙirjinsa yadda zai riƙa ganinsa, rana kuma ba za ta taɓa shi ba. Ya soke adda a ƙugu, ya nufi maɗaci, wayoyi na reto a jikinsa.

Maɗacin nan tsoho ne, ya fi komai tsawo a Kwarin Gauraka, kuma makiyaya sun riga sun sare rassan ƙasa, sai can ƙoli ganye ya rage. Nomau ya hau, ido ɗaya a reshe ido ɗaya a akwati. Ya kai ƙoli, ya sari reshe ya faɗi, ya sari wani. Eriya ta dame shi, ya ɗaga ta sama da hannun hagu don ya sami wurin sara. Ya ɗaga adda ke nan sai ya ga fitila ta ƙyafta, ta koma koriya shar.

Ya sandare a wurin. Hannun hagu a sama da eriya, ƙafa ɗaya a kan reshe, ɗaya ta naɗe gangar itacen, adda ta suɓuce ta faɗo.

Yalwa ta kwashe rassan da suka faɗo, ba su rufe ko fangali biyu ba. Ta ɗaga kai. "Malam, ƙaro mana!"

"Ba dama, Yalwa. Ta yi koriya."

"Me ya yi koriya?"

"Fitila. Injiniya ya ce kada in motsa shi."

Sai a lokacin ta lura da abin da ke ɗaure a ƙirjinsa. Ta ɗora hannu a ka ta yi salati. Kafin a jima gari ya taru a gindin maɗaci. Masu dariya na yi, masu faɗa na yi. Sarkin Noma ya iso yana huci, ya ce, "Nomau! Kayan ƙungiya ka tumɓuke ka hau bishiya da su? In ofis suka ji, sun soke mu ke nan! Sauko!"

"Ranka ya daɗe, sai Injiniya ya zo."

"Injiniya ya tafi birni!"

"To sai ya dawo."

Aka kira Inna Tabawa, ta yi dabarunta duka, wannan karon ba su ci ba, don maganar Injiniya a fili take, babu ƙofar da za a bi ta bayanta. Wani saurayi ya ce zai hau ya sauko da shi, aka tuna masa ƙarfin Nomau, ya fasa. Yalwa kuwa ta kai maƙura. Ta tsaya a gindin itacen tana kuka a gaban kowa, ta ce, "Shekara da shekaru ina haƙuri da kai, ban taɓa kai ƙararka ko'ina ba. Abu ɗaya Baba ya bar mini, ɗaya tak. Ka lalata akwatin, ka hana ni ganye. Yau ka kashe mini shi, Malam." Ta koma bakin fangali ta zauna ta haɗa kai da gwiwa.

Maganar nan ta soki Nomau fiye da cinnakun da suka riga suka cika masa wando. Hawaye ya zubo masa, ba hannun sharewa. Kafaɗarsa ta mutu, rana na dukan ƙeyarsa. Zuciyarsa na ce masa ya sauka ya ba ta haƙuri. Amma an ce masa koriya, ruwa ya taho, kuma an ce kada ya motsa. Shi ke nan abin da ya sani, ya kuwa riƙe shi da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Jama'a suka gaji suka fara watsewa. Rana ta karkata. Can sai Duna, da ke ɗaure a bakin lambu, ya ɗaga kunnuwa ya fasa kuka. Daga ƙolin maɗaci Nomau ya hango wani abu na sheƙi a cikin busasshiyar magudana, yana tafe a hankali, yana ture kara da busasshen ganye a gabansa.

"Yalwa!" ya ƙwala mata kira, bai motsa ko yatsa ba. "Yalwa, ɗauko fartanya!"

Ta ɗago kai, ta ji ƙarar ruwa da kunnenta. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta fasa bakin fangali na farko, ruwa ya shiga yana kumfa, ƙasa na shansa tana huci. Ta fasa na biyu. Gari ya dawo a guje, mata na guɗa, maza na rige-rigen zuwa lambunansu, Sarkin Noma da kansa ya tuɓe babbar riga ya shiga laka.

Ana cikin haka sai ga ƙarar babur. Ashe Injiniya na tashar mota ofis suka kira shi suka ce sunan Kwarin Gauraka ya fito, ya zauna daram bai ƙyafta ba, sun saki ruwa, wace dabara ya yi? Ya juyo bai san amsa ba. Ya leƙa ɗaki ba akwati, aka nuna masa sama. Ya daɗe yana kallon Nomau, ya dubi Dutsen Mikiya, ya dubi tudun da ke tsakanin dutsen da ɗakin, sai ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ɗakin a cikin kwari yake, tudun can ke tare shi. Da ya sauko da shi ko na ɗan lokaci, da sunan ya ɓace an rufe ruwan tun bai iso ba." Ya miƙe ya ɗaga murya. "Malam Nomau, na zo. Sauko!"

"Akwatin fa, yallaɓai? Ka ce a bar shi daidai inda yake."

"Wallahi nan zai zauna."

Injiniya ya tuɓe takalma, aka kawo tsani da igiya da ƙusoshi, ya hau da ƙyar yana addu'a. Ya kafa akwatin a jikin reshen, ya ɗaure eriya daidai inda hannun Nomau yake, ya kifa masa tsohuwar roba don rana da ruwan sama, aka ja wayar sola har sama. Sannan Nomau ya sauko, hannun hagu ya ƙi sauka sai da Inna ta murza shi da man kaɗanya. Ya yi alwala da sabon ruwan magudana ya yi la'asar ɗinsa a gindin maɗaci, ana ta zuwa ana yi masa sannu, har da waɗanda ya sa rarrafe ranar kasuwa.

Yalwa ta zo daga baya, ƙafafunta duk laka, da ƙwaryar fura a hannu. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ta so ta yi magana a kan abin da ta faɗa ɗazu, bakin ya ƙi, sai ta tsince masa wani cinnaka a wuyan riga. Ta ce, "Sha, Malam. Ka zauna nan ka huta, kada ka tashi." Ta juya za ta koma lambu, sai ta tsaya cak, ta tuna da wanda take magana. Ta waiwayo tana dariya da sauran hawaye a fuska, ta ce, "Sai in ka ga dama."

Nomau ya riƙe ƙwarya yana auna maganar. Tunda aka haife shi ba a taɓa ba shi irin wannan umarni ba. Ya juya shi ta nan, ya juya shi ta can, bai ga inda aka ce ya yi kaza ba. Ya dubi Duna, Duna na cin ciyawarsa. Ya dubi lambu, ga Yalwa ita kaɗai tana fama da ruwa, ga sauran fangali da yawa ba a fasa ba.

Ya shanye furar, ya kife ƙwaryar, ya ɗauki fartanya ya bi bayanta.